Me Ya Sa Sauka Daga Kujera Ke Da Wuya?

A watan Oktoba na 2025 aka sake bayyana Paul Biya a matsayin wanda ya ci zaɓen Kamaru, yana da shekara 92. Tun 1982 yake kan mulki, kuma a 2008 aka gyara tsarin mulki aka cire iyakar wa'adi. Da yawanmu mun girgiza kai, mun ce kwaɗayi ne. Akwai kwaɗayi, amma ba shi kaɗai ba.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Saboda haka tana son abin da ta saba, domin shi ne mai arha. Sabon abu kuwa sai sashen gaba, mai tunani da yanke shawara, ya yi aiki tuƙuru. Akwai kuma wani ɗan sashe da ake kira amigdala, mai tsaron ƙofa, wanda ke tada tsoro idan ya hangi haɗari. Ba maciji kaɗai ke tada shi ba. Barazana ga matsayin mutum ma tana iya tada shi. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya. Shugaban da ake roƙo ya sauka hasara yake gani, ba hutu ba.

Wannan ba uzuri ba ne. A 2015 Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ya amince da shan kaye tun ba a gama sanar da sakamako ba, ga shi ƙwaƙwalwarsa irin ta kowa ce.

'Yan'uwa, kada mu tsaya a Yawunde. Mun san ma'ajin ikilisiya da ya shekara ashirin da littafin kuɗi a hannu, da shugabar zumuntar mata da babu mai iya ce mata ta huta. Mu fastoci ma ba mu tsira ba, musamman idan takardar canjin wuri ta iso. Idan aka jira sai ranar sauka kafin a yi maganar wa'adi, tsoro ya riga ya kama kujerar. Shi ya sa na fi son majalisar dattawa ta rubuta shekarun aiki ranar da ake naɗa mutum, ta kuma ba shi mataimaki da zai koya a hannunsa tun daga shekarar farko.