Daga Bakin Asusu: Kafin Guga Ya Taɓo Laka

 Bazara na tafe, kuma mun san halinta. A ƙasar Magaria da Dungass, musamman kwarin Korama, ruwa ba shi da zurfi, shi ya sa rake da kayan lambu ke albarka. Amma tulun ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne. In injinan ban ruwa suka wuni suna zuƙa, ko wani ya datse magudana ya karkata ta gonarsa, rijiyar gida ce ke fara ja baya. Sai rigima ta tashi, mu kuma mu ɗau jarka.

Kar mu ce abin ya fi ƙarfin zama. Nijar da Najeriya ma sun zauna a Maiduguri a 1990, sun sa hannu kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, har da gulbin Maradi. Balle mu da maƙwabta.

To, ga shawara. Mu je wurin mai gari tun yanzu, da mu da masu lambu, a tsai da ranaku da awoyin ban ruwa. Sannan kowace ƙungiya ta ware 'yar jaka daban domin rijiya. Yasa, ƙara zurfi, siminti, ƙarfe, ladan mai haƙa, duk kuɗi ne, kuma ba su jiran ranar rabon asusu. Zubin mako mai zuwa, mu fara.