Bututun Cadi da Kamaru: Abin da Ya Isa Hannun Mutanen Kan Hanya

Bututun man da ya tashi daga Kome, kusa da Doba a kudancin Cadi, ya dire a Kribi da ke bakin tekun Atilantika a Kamaru, tsawonsa kilomita 1,070 ne, kuma kusan 900 daga ciki a ƙasar Kamaru suke. Kamfanoni uku ne suka haɗa jari: ExxonMobil da kashi 40 cikin ɗari, Petronas na Malesiya da kashi 35, Chevron da kashi 25. Bankin Duniya ya amince ya shiga aikin a watan Yunin 2000, mai kuma ya fara bi ta ciki a Yulin 2003. An binne bututun a ƙasa. Ya ratsa gonakin dawa da auduga na kudancin Cadi, ya hau tudun Adamawa inda Fulani ke kiwo, ya gangara kurmin kudancin Kamaru har ya riski masunta a bakin teku. Albarkacin sa hannun Bankin Duniya, an rubuta alkawuran da aka yi wa waɗannan al'ummomi dalla-dalla, abin da ba kasafai ake samu ba a irin wannan aiki a Afirka. Yanzu da shekara ashirin da ɗoriya suka shige, ana iya auna alkawarin da abin da ya isa hannun mutane.

Taimako na farko shi ne diyya ga mai gona. An share fili mai faɗin kimanin mita 30 tsawon hanyar, ma'aikata suka bi gona-gona suna ƙirga shuka da itatuwa, kowane da farashinsa. Mai gona na iya karɓar kuɗi a hannu, ko ya zaɓi kaya irin su garma da keke da keken ɗinki. Bishiyar mangwaro ce ta fi jawo gardama a Cadi. Farashin da aka fara sa mata ya yi ƙasa ƙwarai, sai da ƙungiyoyin fararen hula suka matsa lamba aka ɗaga shi ninkin ba ninkin. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mangwaro na ciyar da gida shekara da shekaru, yana kawo kuɗin makaranta da na magani, kuma wanda aka dasa a madadinsa sai ya jima kafin ya yi 'ya'ya. Diyyar da ta dubi itacen ta manta da shekarun amfaninsa ta cuci mai shi.

Ko da farashin ya gyaru, kuɗin diyya sau ɗaya ake biyansa, gona kuwa duk damina take bayarwa. A kan hanyar bututu abin ya zo da sauƙi, domin an mayar wa manoma mafi yawan filin bayan an binne ƙarfen, da sharaɗin kada a yi gini ko a dasa manyan itatuwa a kansa. A filayen haƙar mai na Doba labarin ya bambanta. An tsara rijiyoyi kimanin 300, amma da man da ke fitowa ya soma raguwa sai aka haƙa fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma kowace rijiya da hanyarta da layin wutarta. Ƙasar noma ta yi ta tsukewa a ƙauyukan da ke tsakiyar filin, saurar da ake bari ta huta ta ragu, iyalai da dama suka ga kuɗin ya ƙare alhali gonar ba ta dawo ba.

Na biyu shi ne diyyar gari. Akan tara mutanen ƙauye su zaɓi abin da za a yi musu, rijiya ko aji ko wani ginin amfanin kowa. Wannan tsari yana da kyau, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rauninsa a bayan bikin buɗewa yake. Aji na buƙatar malami, famfon burtsatse na buƙatar mai gyara da kayan gyara, kuma idan yarjejeniya ba ta faɗi wanda zai ɗauki wannan nauyi ba, gwamnati kan ce na kamfani ne, kamfani ya ce ya miƙa wa gwamnati.

Na uku shi ne aikin yi. Dubban mutane sun samu aiki lokacin gini, kuma an sa ƙa'idar ɗaukar leburori daga ƙauyen da aikin ya iso. Sai dai aikin bututu tafe yake, makonni ko 'yan watanni ya bar gari ya yi gaba. Da aka gama, tashoshin tura mai na Kome da Dompta da Belabo ma'aikata kaɗan suke buƙata, kuma masu ƙwarewa. A bakin sansanin kamfani a Kome wata unguwa ta tsiro, ta masu neman aiki da suka taho daga nesa, aka sa mata suna Kome Atan, daga kalmar Faransanci mai ma'anar jira. Irin wannan cunkoso kan ɗaga farashin abinci da na haya, ya kuma yaɗa cututtuka, kuma mutanen gari ne ke ɗaukar wannan kaya ko sun samu aiki ko ba su samu ba.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne wajen Bagyeli, waɗanda ake kuma kira Bakola, mutanen kurmi da ke zaune tsakanin Lolodorf da Bipindi da Kribi. Yawansu 'yan dubbai ne, rayuwarsu kuma farauta ce da cin zuma da 'ya'yan itace da saiwar magani, sai ɗan noma. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka ƙarƙashin kulawar gwamnati, diyya kuma ana biyanta ne a kan abin da aka shuka ko aka gina. Mafarauci ba ya barin kunya a ƙasa, bishiyar da yake ɗibar zuma ba shi ya dasa ta ba, don haka jadawalin diyya bai gan shi ba. Ƙari a kan haka, maƙwabtansu manoma sun daɗe suna ɗaukar filayen bakin hanya a matsayin nasu, shi ya sa Bagyeli suka yi ta kukan cewa diyyar wasu gonakin da suke nomawa a hannun maƙwabta ta faɗa.

An yi wa Bagyeli shiri na musamman. Kamfanin COTCO, mai kula da bututun a Kamaru, ya zuba dala miliyan 3.5 a wata gidauniya mai suna FEDEC da aka kafa a 2001, aka ware dala 600,000 daga ciki don Bagyeli. Da kuɗin aka biya wa yara makaranta, aka kai magani, aka raba kayan noma, aka yi wa mutane katin shaidar ɗan ƙasa, wanda babban abu ne ga wanda bai taɓa iya tsayawa gaban hukuma da sunansa ba. Amma kuɗin ya yi kaɗan idan aka raba shi a kan shekarun da bututun zai yi yana aiki, kuma shirin bai taɓa batun mallakar ƙasa ba, wanda shi ne tushen matsalar. Sauran kuɗin gidauniyar an ware su ne don gandun daji biyu, Campo Ma'an da Mbam-Djerem, da aka keɓe a madadin kurmin da aikin ya ɓata. Keɓe Campo Ma'an ya taƙaita farautar Bagyelin da ke yankin, wato an biya diyyar daji da abincin mutanen daji. Makiyayi ma yana cikin wannan hali: burtali da mashaya ba su da takarda, kuma mai ƙirga ɓarna kan zo ne a lokacin da garken ya yi nisa.

Taimako na huɗu shi ne rabon kuɗin man kansa. A 1999 Cadi ta kafa doka da ta tanadi ajiye kashi 10 cikin ɗari don zuriya mai zuwa, ta karkata mafi yawan sauran ga ilimi da lafiya da hanyoyi da raya karkara, ta kuma ware kashi 5 ga yankin da ake haƙo man. An kafa kwamitin sa ido da ya haɗa da wakilan fararen hula, Bankin Duniya kuma ya naɗa kwamitin masu ba da shawara ƙarƙashin Mamadou Lamine Loum, tsohon firaministan Senegal. Mutane sun samu ƙofar kai ƙara: Ngarlejy Yorongar, ɗan majalisa daga yankin man, ya kai koke gaban kwamitin bincike na bankin a 2001, wata ƙungiyar kare muhalli ta Kamaru ta kai nata a 2002. Amma a Disamban 2005 majalisar Cadi ta sauya dokar, ta soke asusun zuriya mai zuwa, ta sa tsaro cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗin. A Satumban 2008 Cadi ta biya abin da ya rage na bashin da Bankin Duniya ke binta, bankin ya janye. Chevron ya sayar wa gwamnatin Cadi kasonsa a 2014, ExxonMobil ya sayar da nasa ga Savannah Energy a ƙarshen 2022, Cadi kuma ta mayar da kadarorin mallakin gwamnati a 2023. Waɗanda suka yi alkawari sun tafi ɗaya bayan ɗaya, bututun yana nan, mutanen da ke kansa suna nan.

A batun bututu da al'ummomin da ke kan hanyarsa, Kanada ta bi wata hanyar, kuma kotu ce ta tura ta. A 2004 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar al'ummar Haida, ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asalin ƙasa kafin ta yanke hukuncin da zai shafi haƙƙinsu. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke izinin faɗaɗa bututun Trans Mountain, ɗaya daga cikin dalilanta kuwa shi ne tuntuɓar da aka yi ba ta wadatar ba. Da kamfanoni suka ga cewa al'umma na iya tsayar da aiki ta hanyar shari'a, sai tayinsu ya sauya. A 2022 kamfanin Enbridge ya sayar wa al'ummomi 23 na 'yan asalin ƙasa kashi 11.57 cikin ɗari na bututu bakwai a yankin Athabasca na lardin Alberta, a kan dalar Kanada biliyan 1.12, wata hukumar lardin kuma ta tsaya musu a kan wani ɓangare na rancen. Mai hannun jari yana karɓar riba muddin mai na gudana, yana da damar duba lissafi, kuma kasonsa ba ya ɓacewa don kamfani ya sauya hannu. Wannan ma bai kawar da saɓani ba. Bututun iskar gas na Coastal GasLink ya samu sa hannun zaɓaɓɓun majalisun al'ummomi 20, amma sarakunan gargajiya na Wet'suwet'en suka ƙi amincewa, rikicin ya kai ga tare layukan dogo a faɗin ƙasar a 2020. Sanin wanda ke da ikon magana da yawun jama'a wani ɓangare ne na aikin, kuma kuɗi ba ya maye gurbinsa.

Wannan batu ya iso ƙasar Hausa. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Bututun ɗanyen mai na Nijar, daga Agadem zuwa Seme a Jamhuriyar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara aiki a 2024. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta yi kama da ta Kamaru, domin ita ma abin da aka shuka ko aka gina take biya wa diyya. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kawo ci gaba, inda ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun raya al'ummomin da ke masaukinsu. Sai dai ta kuma tanadi cire kuɗin gyara daga kason al'umma idan aka fasa kayan aiki a yankinta, tanadin da ke hukunta gari guda saboda laifin da wataƙila baƙi suka aikata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da al'umma za ta samu ana tsayar da shi ne kafin katafila ta shiga gona, kuma tarihin bututun Doba ya nuna abubuwan da ya kamata a nema. Ƙirgar ɓarna ta haɗa da duk mai amfani da ƙasa, da makiyayi da mafarauci da masunci da matar da ke tsintar ɗorawa da kaɗanya, a kuma yi ta rani da damina. Diyyar itace ta lissafa shekarun amfaninsa. Kowane gini da za a yi wa gari ya zo da sunan mai ɗaukar nauyin gyaransa. A ware wa al'umma kaso mai ɗorewa, hannun jari ko kuɗin shekara-shekara, a rubuta shi cikin yarjejeniyar da za ta hau kan duk wanda ya sayi bututun daga baya. A karanta yarjejeniyar a bainar jama'a da harshen da suke ji, a bar kwafi a hannun dagaci da limami da ƙungiyar mata, sannan a tanadi wurin kai ƙara da ba kamfani ko gwamnati ke juya shi ba.