Nijar: Wa ke sa ido idan an sake fasalin kasafin kuɗin birni a tsakiyar shekara?

Shekarar kuɗi ta ƙananan hukumomin Nijar tana farawa ranar 1 ga Janairu, ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Sai dai da wuya a samu ma'aikatar magajin gari da ta kai ƙarshen shekara da kasafin da ta fara da shi. Sau da yawa tsakanin damina da kaka akan dawo kan takardar, a rage nan a ƙara can. Ma'aikatan ofis suna kiran wannan aiki remaniement budgétaire, a Hausa kuma akan ce kwaskwarima. Zaman amincewa da kasafin sabuwar shekara shi ke samun ƴan jarida da kyamarori, kwaskwarimar kuwa ba kasafai ake jin ɗuriyarta ba, alhali a wurinta ne ake yanke ko za a gina magudanar ruwa a wata unguwa bana, ko kuwa sai baɗi.

Doka ba ta hana kwaskwarima ba. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumban 2010, wanda aka fi sani da CGCT, ya raba kasafin kowace kwamin gida biyu. Akwai na tafiyar da ma'aikata, inda albashi da man motoci da wuta da ruwa da kayan ofis suke. Akwai kuma na manyan ayyuka: azuzuwa, rijiyoyi, rumfunan kasuwa, magudanun ruwa, tituna. Dokar ta wajabta a cire aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a mayar da su ɓangaren manyan ayyuka, ta kuma wajabta abin da za a kashe ya yi daidai da abin da ake sa ran samu. Magajin gari shi ke ba da umarnin a biya, amma kuɗin suna hannun ma'ajin kwamin, wanda shi ke karɓa ya biya. Majalisa ce ke amincewa da kasafi, wakilin gwamnati, wato perefe ko gwamna, ya duba ko an bi doka. Babban sauyi a tsakiyar shekara ta wannan hanya shi ma yake bi.

Matsalar tana farawa ne daga ɓangaren kuɗin shiga. Kwamin tana da abin da take tarawa da kanta: harajin kai da masu gari da masu unguwa ke karɓa, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin kara da na mahauta, harajin kabu-kabu da tasi, kuɗin takardu, da cinikin filaye a biranen da ke faɗaɗa. Tana kuma da abin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke tarawa a madadinta, kamar fatanti da harajin gine-gine, wanda sai ya bi ta baitulmali kafin a mayar mata da kasonta. Sannan akwai tallafin gwamnati ta hannun hukumar ANFICT da aka kafa a 2008, da kuɗin abokan hulɗa na waje. A cikin waɗannan duka, kashi na farko ne kaɗai magajin gari ke da iko a kansa, shi ma ikon rabi da rabi ne, don idan damina ta yi gardama ba wanda zai matsa wa manomi ya biya lanho.

Duk da haka akan rubuta adadi mai tsoka a farkon shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tunda dole kashewa ya yi daidai da samu, hanya mafi sauƙi ta shigar da alkawarin kowane kansila cikin kasafi ita ce a kumbura hasashen kuɗin shiga. A ce wata kwamin ta rubuta za ta tara jika 100, ta ware 45 don ayyuka, 55 don tafiyar da ma'aikata. Idan zuwa watan Agusta ta gane jika 65 kawai za ta samu, albashi ba ya raguwa, takardar NIGELEC ba ta raguwa, motocin kwashe shara ba sa tafiya da ruwa. Jika 55 ɗin suna nan daram. Abin da ya rage wa ayyuka jika 10 ne. A takarda an mutunta kashi 45, a ƙasa kuwa ɗan kwangila ya zuba yashi da tsakuwa ya tafi.

Shekaru biyu da suka wargaza lissafi

Ko da an yi hasashe da gaskiya, babu wanda ya zauna a ƙarshen 2022 ya hango abin da zai biyo. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, manyan masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu. A watan Oktoba gwamnatin ƙasa da kanta ta yi wa kasafinta kwaskwarima mai zafi, ta sauko da shi daga miliyar 3,291 na sefa zuwa miliyar 1,981, ragin kusan kashi 40 cikin 100. Baitulmalin da ke cikin wannan hali ba ya gaggawar mayar wa ƙananan hukumomi kasonsu.

Garuruwan kan iyaka sun sha bugu biyu. Maraɗi, Birnin Ƙonni da Gaya suna rayuwa ne da kai da komon kaya, kuma tikitin kasuwa da kuɗin tasha suna bin yawan motocin da suka shigo. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta na gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso.

Daminar 2024 kuma ta zo da nata. Alƙaluman hukuma sun nuna sama da mutum 300 sun rasu, fiye da miliyan 1 kuma ambaliya ta shafa, jahar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. A ƙarshen watan Agusta ruwan rana ɗaya ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin birnin Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. A Yamai ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birni na wasu kwanaki. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi ne a ciki.

Wannan batu na azuzuwa ya shafi aljihun kwamin kai tsaye. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, kuma magadan gari sun daɗe suna kukan cewa aikin ya iso, kuɗinsa bai biyo shi yadda ya kamata ba. Idan aji ya rushe ko rijiya ta cike, ƙofar magajin gari ake fara bugawa. A irin wannan shekara, wanda ya ƙi taɓa kasafinsa don kada a ce ya sauya magana, shi ne ya kamata a tuhuma. Kwaskwarima ta zama dole.

Wa zai ce a'a?

Abin da ya sauya shi ne wurin da ake yanke ta. Ranar 4 ga Afrilun 2024 shugaban majalisar CNSP, Janar Abdourahamane Tiani, ya rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi da aka zaɓa ranar 13 ga Disamban 2020, aka naɗa kantomomi a gurbinsu, da yawansu jami'an soja da na sauran hukumomin tsaro. A Yamai, Kanar Boubacar Soumana Garanké ya karɓi ragama daga hannun Oumarou Moumouni Dogari. Matakin ya shafi kwamin 255 na ƙasar, har da birane huɗu masu matsayi na musamman: Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram.

Masu goyon bayan matakin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Majalisun da aka rusa ba su bar kyakkyawan suna ko'ina ba. An sha ganin zaman kasafi ya koma fagen ramuwar gayya tsakanin jam'iyyu, an sha tsige magadan gari bisa zargin almubazzaranci, rigimar filaye kuma ta zama ruwan dare. Yamai kanta ba baƙuwar naɗaɗɗun shugabanni ba ce: an tsige Dogari a 2013, an tsige Assane Seydou a 2017, daga nan wata tawaga ta musamman ƙarƙashin Mouctar Mamoudou ta riƙe birnin har zuwa 2021. Kantoma kuma yana da sauri. Idan ruwa ya ci gada cikin dare, ba ya buƙatar aika takardun gayyata, ya jira a cika adadin kansiloli, a yi kwanaki ana ciniki kan unguwar wa za a fara.

Amma wannan saurin yana da farashi. A tsohon tsari, wanda ya kawo shawarar cire kuɗin magudanar wata unguwa dole ya faɗe ta a gaban kansilan unguwar, a zaman da jama'a ke iya halarta, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zaune suna ji ko da ba su da ƙuri'a. Kansilan na iya yin shiru don an toshe masa baki, amma yana iya yin ihu, kuma ko don adawa kawai maganar takan fita waje. Yanzu mai kawo shawarar da mai zartar da ita mutum ɗaya ne. Akwai kwamitin tuntuɓa da ke zama tare da kantoma, sai dai sunansa ya faɗi iyakarsa: shawara yake bayarwa, kuma ba zaɓen mambobinsa aka yi ba. Gwamnan da zai duba bin doka, shi ma hukumar da ta naɗa kantoman ce ta naɗa shi. Kundin tsarin sake gina ƙasa na watan Maris 2025, wanda ya tsayar da wa'adin shekara 5, da rusa jam'iyyun siyasa da aka yi a lokaci guda, suna nuna cewa wannan tsari ba na ƴan watanni ba ne.

Abin lura, a shekarar 2024 ɗin maƙwabciya Najeriya ta nufi ɗaya ɓangaren, aƙalla a takarda. Ranar 11 ga Yuli Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kada kuma a ba da kuɗi ga wadda kantoman riƙo ke shugabanta. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, abin da ke nuna cewa zaɓe kaɗai ba ya tsare kuɗin gari.

Ba lallai kantoma ya zama ɓarawo ba kafin kwaskwarima ta cutar da birni. Mai gaskiya ma matsin da ke kansa ɗaya ne da na kowa. Ma'aikatan da ba a biya ba suna iya ajiye aiki gobe, shara ta taru a kan titi kowa ya gani, mahukunta a sama su buga waya. Magudanar da ba a gina ba kuwa ba ta yajin aiki. Haka kowane sauyi kan gangara wuri ɗaya, daga aikin da amfaninsa ke nesa zuwa buƙatar da ke ƙofa. Akwai kuma kwaskwarimar da ba a rubuta ta ko'ina: a bar layin aiki yadda yake a takarda, a ƙi biyan ɗan kwangila da mai gidan mai, bashin ya tsallaka sabuwar shekara ya cinye kasafinta tun kafin ta fara. Ragin farashin gazuwal da aka yi a Yulin 2024, daga sefa 668 zuwa 618 kowace lita, ya ɗan sassauta wa ma'aikatun da ke da motoci, amma bai kai ya toshe irin wannan rami ba.

Maganin da ke hannun kantomomi ba ya buƙatar sabuwar doka ko zaɓe. Takardar kwaskwarima tana da layuka uku: abin da aka tsara, abin da aka sauya, da sabon adadi. Za a iya liƙa ta a allon ma'aikatar magajin gari da na kowace gunduma, 5 a Yamai, 5 a Damagaram, 3 a Maraɗi, 2 a Tawa, a karanta ta da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon gari, tare da adadin da aka tara zuwa ranar da kuma bashin da ake bin ma'aikatar. Kantomomi da dama suna yawan kiran jama'a su biya haraji da sunan kishin ƙasa. Ɗan kasuwar da ya ga layin da tikitinsa ya shiga, ya kuma ga inda aka karkatar da shi da dalili, ya fi sauƙin shawo kai a kan wanda aka aika wa ƴan sandan birni.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Yashe magudanun ruwa da gyaran madatsun bakin kogi aikin watan Afrilu zuwa Yuni ne, kafin ruwa ya kankama. A daidai wannan lokaci ne asusun kwamin ya fi bushewa idan kason baitulmali bai iso ba, kuma a lokacin ne ake jinkirta aikin ba tare da an sanar da kowa ba. Kwaskwarimar da za a zauna yi a Satumba takan tarar ruwa ya riga ya shiga gidaje, kuɗin da aka karkatar sai su tafi wajen shinkafa, tabarmi, gidan sauro da hayar injin zuƙe ruwa. Birnin da ke son kauce wa wannan sai ya duba lissafinsa tun ƙarshen watan Maris, da alƙaluman wata uku na farko a hannu, ya fitar da kuɗin yashe magudanu kafin kowane layi na manyan ayyuka.