Wa Ke Duba Lafiyar 'Yan Makaranta A Ƙasar Zango?

Tun a watan Disamba na 2022 da cutar mashaƙo ta ɓulla a Kano, ta kuma bazu zuwa Katsina, Yobe, Bauchi da Borno, hukumomin lafiya suka yi ta nanata cewa yawancin waɗanda ta kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da dama cikinsu ba su taɓa kammala allurar rigakafi ba. A watan Fabrairu na 2024 kuma sai ga sanƙarau ya shiga makarantun kwana na yankin Potiskum a Jihar Yobe, ya yi ajalin ɗalibai kafin a ankara. Waɗannan yara kuwa, kowace safiya suna zaune ne a gaban wani malami. Abin tambaya shi ne, wa aka koya wa aikin duba su?

Wannan tambaya ta shafi Zango ƙwarai. Ƙaramar hukumar tana kan iyaka da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, inda aka yi fama da sanƙarau daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, almajirai na ƙetarewa ba dare ba rana, cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. A ƙidayar 2006 mutanen Zango sun haura dubu 150, yau kuwa sun fi haka nesa, kuma mai karatu ya san rabonsu mafi tsoka yara ne.

Ba a rasa doka a kan takarda ba. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa game da lafiya a makarantu, wadda ta tanadi a riƙa duba lafiyar yaro in zai shiga makaranta, a ajiye masa katin lafiya, a samar da ruwa da makewayi da ɗakin jinya. To amma manufa ba ta auna zafin jikin yaro. Sai an sami mutum mai horo, mai albashi, wanda aka ce masa wannan shi ne aikinka.

A wasu ƙasashe an daɗe da warware wannan. A birnin New York na Amurka, tun 1902 aka ɗauki wata nas mai suna Lina Rogers aka ba ta makarantu huɗu don gwaji. Kafin zuwanta, yaron da aka gani da ciwon ido ko ƙazuwa korarsa gida ake yi, shi ke nan. Ita kuwa sai ta riƙa yi musu magani a makaranta, tana bin iyaye har gida tana nuna musu abin yi, yara suka koma aji, hukumar birnin ta ɗauki ƙarin nas-nas. A Ingila, nas da ta riga ta sami rajista tana komawa jami'a ta yi kwas na kimanin shekara guda, wani ɓangare a aji wani ɓangare a bakin aiki, ta fito da shaidar ƙwarewa kan lafiyar jama'a, ko dai a matsayin nas ta makaranta ko mai ziyarar gidajen masu jego. Abin takaici, wasu daga cikin masu jinya a asibitocin Ingilar 'ya'yanmu ne da muka horar da kuɗin talakawanmu.

Mu ma muna da irin wannan hanya. Majalisar Nas-Nas da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, tana yi wa nas-nas na lafiyar jama'a rajista ta daban bayan sun yi ƙarin karatu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sashen koyar da aikin jinya, a Zariya har ana yin digiri na biyu. Jihar Katsina tana da makarantar nas a Katsina, da ta ungozoma a Malumfashi, da makarantun koyon aikin lafiya a Daura da Kankiya.

Bambancin wannan horo da na jinyar asibiti ba ƙarami ba ne, kuma a nan ne shugabanni suka fi yin kuskure. Nas ta asibiti tana jiran majiyyaci ya zo kan gado. Nas ta lafiyar jama'a an koya mata ƙidaya da bin sawu. In hedimasta ya ce yara biyar na aji uku ba su zo ba saboda ciwon maƙogwaro, ita ba za ta ji shi a matsayin labarin mura ba. Za ta tambayi unguwarsu, ta leƙa maƙogwaron ko akwai farar fatar nan da mashaƙo ke shimfiɗawa, ta duba kumburin wuya, ta nemi katin rigakafi ta ga ko an yi allurai ukun nan na mako 6 da 10 da 14, sannan ta kai rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma tun ranar, ba bayan an yi jana'iza ba. In bazara ta kama, zafi da ƙura suka tsananta, ta san ɗakin kwanan da aka cusa yara arba'in ba taga shi ne gidan sanƙarau. Ta san yaron da ke fitsarin jini tsargiya ce ya ɗauko a kududdufi, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu iyaye ke zato. Ta san wanda ake duka don daƙiƙanci alhali allo ne ba ya gani, ko kunne ne ke masa ruwa. Dattawanmu da suka ga zamanin duba-gari na En'e sun san amfanin ma'aikacin da ke zuwa tun cuta ba ta zo ba, ko da yake shi duba-gari da tara yake tafe.

To me ya hana? A ganina, babbar matsalar ita ce aikin ba shi da uba. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, aka kuma gina shi bisa ma'aikatan lafiya na karkara irin waɗanda ake yayewa a Daura da Kankiya. Sun yi aiki, su ne ƙashin bayan rigakafin da ya kai ga an bayyana Nijeriya ta rabu da shan inna na daji a 2020. Amma nas-nas masu rajista galibi a manyan asibitocin jiha da na tarayya suke, makarantun firamare kuma suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya. Ma'aikatar ilimi na cewa lafiya ba aikinta ba ne, ta lafiya na cewa ba ta da iko da makaranta. Nas da ta biya kuɗinta ta ƙaro ilimin lafiyar jama'a, in ta dawo sai a mayar da ita ɗakin haihuwa ko na tiyata, domin babu wani gurbi mai suna nas ta makarantu a jadawalin albashi. Wace mace mai iyali za ta bar gida ta tafi Zariya don takardar da ba za ta yi aiki da ita ba?

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. A watan Fabrairu na 2024 magatakardar majalisar nas-nas, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas dubu 42 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Suna cewa, asibiti ma bai sami masu kwanan duti ba, ina zancen makaranta? Kuma duk wadda ka ƙara wa ilimi ai fasfo ka ba ta. Ban yarda da ɓangaren farko ba, domin gadajen asibitin da ake kuka da su, yaran da ba a duba da wuri ba ne suke cika su. Na biyun kuwa maganinsa a wajen zaɓe yake: a ɗauki 'yar Yardaje ko Rogogo ko Garni wadda ta riga ta yi shekaru tana aiki, mai miji da 'ya'ya a nan, a ba ta hutun karatu da albashinta, ta sa hannu za ta yi wa yankin aiki na wasu shekaru. Irin wannan ba ta cika neman Landan ba.

Ba kuma wanda ke cewa a ajiye nas a kowace makaranta. Ko Abuja ba ta iya ba. Zango na da mazaɓu goma. Nas uku ko huɗu masu wannan horo, kowace da babur da mai, tana jagorantar ma'aikatan lafiya na mazaɓu biyu ko uku, tana koya wa malami guda a kowace makaranta alamomin haɗari, za su iya zagaye ƙasar a zangon karatu ɗaya. Wajibi ne kuma zagayen ya haɗa da makarantun allo da na Islamiyya da masu zaman kansu, domin almajirin da ya zo daga wani gari ba kati ba uwa a kusa shi ya fi kowa bukata, kuma ba za a shiga tsangaya ba sai da yardar alaramma da goyon bayan hakimi da dagatai, abin da Masarautar Daura za ta iya sauƙaƙawa da umarni guda.

Maganar kuɗi ita ma tana da ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, kuma wani kaso nasa an tanade shi ne don horar da ma'aikata. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gwamnatin Malam Dikko Umar Raɗɗa ita ke da ikon ƙirƙiro gurbin a jadawalin aiki, shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, su kuma za su iya haɗa kai su ɗauki nauyin karatun rukunin farko. Kansilolin Zango su ne ya kamata su fara ɗaga maganar a zaman kasafin kuɗi mai zuwa, tun kafin zafin watan Maris ya sauka.