Kada A Bar Sabuwar Nas Ita Kaɗai Da Dare

A yawancin asibitocin ƙasar nan an raba aikin jinya kashi uku, watau na safe, da na yamma, da na dare. Na safe da na yamma ba su cika wuce awa shida zuwa takwas ba, amma na dare yakan fara da ƙarfe 8 ko 9 ya kai har wayewar gari, awa goma zuwa goma sha biyu ke nan. A wurare da dama kuma akan jera wa mutum dare bakwai, sa'an nan a ba shi hutu. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, wa ake ɗora wa wannan nauyi? Sau da yawa waɗanda suka fito daga makaranta jiya-jiya ne, maza da mata, domin su ne ba su da bakin cewa a'a.

Da rana ɗakin marasa lafiya cike yake da likitoci da manyan sistoci, in abu ya shige wa sabuwar nas duhu sai ta waiwaya ta tambaya. Da dare kuwa likita sai an kira shi, ga barci yana fizgar ido tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 5, lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman hutu. A wannan lokaci ne za ta auna magani, ta lura da ƙarin ruwa, ta gane numfashin da ya sake. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2004 ya nuna cewa nas da ta yi aikin awa goma sha biyu da rabi ko fiye, haɗarin ta yi kuskure ya ninka sau uku. To, ina ga wadda ba ta goge ba, kuma tana cikin dare na shida a jere? In ta yi kuskure majinyaci ne zai fara shan wahala, ita kuma lasinta ya shiga hatsari, wanda ya rubuta jadawalin kuwa yana gida yana barci.

Lalle hukumomin asibiti suna da nasu uzuri. Cikin 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Da yawa daga cikinsu ƙwararru ne, waɗanda ya kamata ƙanana su koya a hannunsu. Har ila yau, ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa yana cikin bukatun da suka sa ma'aikatan jinya na asibitocin Gwamnatin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yuli na 2025. Amma ƙarancin ma'aikata dalili ne na a tattala sababbi, domin in aka gajiyar da su tun shekarar farko, su ma hanyar Ingila za su nema.

Gyaran kuwa ba duka ne yake bukatar kuɗi ba. Da farko, sabuwar nas ta yi watanninta na fari tana aikin safe da na yamma, har ta san ɗakin da magungunansa. Idan ta fara aikin dare, a haɗa ta da wadda ta daɗe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, a rage jerin dare bakwai ya koma uku ko huɗu, a bi shi da cikakken hutu. Na uku, juyin ya riƙa tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin haka ya fi wa jiki sauƙi. Na huɗu, a liƙa jadawali tun da sauran makonni, a kuma yarda mutum biyu su yi musanya da sanin shugabar ɗaki. Akwai waɗanda aikin dare ya fi yi musu daɗi saboda karatu ko hidimar gida, irin waɗannan a saurare su.

Ku kuma sababbin ma'aikata, barcin rana bayan aikin dare haƙƙin majinyatanku ne, kada ku sayar da shi ga wani aikin a asibitin kuɗi. In kun karɓi aiki ku bi gado-gado tare da wadda za ta tashi, kuma kada kunya ta hana ku tada likita. Iyaye da mazaje su ma su gane cewa wadda ta kwana a tsaye ba raggonci ne ya kwantar da ita da hantsi ba.

Muna kira ga shugabannin asibitoci su ɗauki jadawalin wannan wata su duba sunayen da ke aikin dare, su ƙidaya nawa ne ba su cika shekara da fara aiki ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.