Waiwaye: Malamin Makarantar da Ya Wakilci Sarauniya

A 1962 garin Kamba yana cikin Lardin Sakkwato. Duk dokar da majalisar Kaduna ta zartar, ta haraji ce ko ta makaranta, ba ta hawa kan mutumin Kamba sai Gwamnan Jihar Arewa ya sa mata hannu a madadin Sarauniyar Ingila. A shekarar ce Sa Gawain Bell ya sauka, aka naɗa Sa Kashim Ibrahim, ɗan ƙasa na farko a kujerar.

Babarbare ne, haifaffen Yerwa a 1910. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma gida yana koyarwa a Midil ta Barno. Ya riƙe minista a Legas da Kaduna, ya zama Wazirin Barno a 1956, amma alli bai taɓa barin hannunsa ba.

Kujerar da aka ba shi mai wuyar zama ce. Girma nata ne, iko kuwa yana hannun Firimiya, Sardaunan Sakkwato. Mai ƙaramar zuciya da ya ce lalle sai an ji muryarsa, a shiga ja-in-ja. Shi ya san aikinsa riƙon amanar wani ne, ya tsaya inda doka ta tsayar da shi. A ganina wannan ne abin da ke yi wa wakilanmu na yau wuya: a aiko mutum da saƙo, kafin ya iso ya mai da kansa mai saƙon.

Daren 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe Sardauna, shi kuma Kashim suka tsare shi. Da aka sake shi bai yi zuciya ba. Ya yarda ya zama mai ba Hassan Usman Katsina shawara, matashin sojan da ya gaji kujerarsa, wanda a haife Kashim ya haife shi, domin a lokacin Arewa na neman dattijon da zai kwantar da hankula.

Daga baya ya zama uban Jami'ar Ibadan, sannan ta Legas. Allah ya yi masa rasuwa ranar 25 ga Yulin 1990, yana da shekara 80. Gidan gwamnatin Kaduna da babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sunansa suke amsawa. Allah ya jiƙansa da rahama.