Darbejiya Ta Shiga Ɗakin Bincike, Amma Ba Ta Kai Asibiti Ba Tukuna

Duk ɗan Arewa mazaunin Sabon Ibadan ko Agege ya san darbejiya, wadda Yarbawa ma suke kira dogonyaro, ya kuma san zogale. To, yau masanan kimiyya a Indiya da Masar da jami'o'in ƙasar nan, har da Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, sun sa ganyayen itatuwa cikin wani sabon aiki.

Ga yadda abin yake. Ana dafa ganyen a tace ruwansa, a zuba cikin ruwan gishirin tutiya ko na ƙarfe, a ɗora a wuta. Sinadaran ganyen su ne ke taimakawa wajen fitar da wata hoda mai laushin gaske, su kuma hana ƙwayoyinta dunƙulewa. Kowace ƙwaya ba ta wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. A cikin faranti a ɗakin bincike, an ga hodar tutiya tana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa gyambo ya ruɓe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2019 kawai mutane kusan miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani. Ga araha, ga rage dogaro da sinadarai masu guba.

Amma fa faranti daban, jikin ɗan Adam daban. Ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba, na Katsina kuma ba ɗaya yake da na Shagamu ba, saboda haka girman ƙwayoyin yakan bambanta daga tukunya zuwa tukunya. Hodar da ke kashe cuta, in ta yi yawa, tana iya lalata ƙwayoyin jiki. Ko allurar Feraheme, mai ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, wadda Amurka ta amince da ita a 2009 domin masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini, ba da ganye aka haɗa ta ba, kuma sai da ta sha gwaji a jikin marasa lafiya.

Abin tsoro shi ne masu tallar magani a tasha da cikin mota su tsinci kalmar “nano” su liƙa a kwalba. Ɗan dako ko mai gadi da ke nesa da gida, ga miki a ƙafa, ga kuɗin asibiti da tsada, shi ne zai fara faɗawa tarkon. Duk wanda aka tallata wa irin wannan, ya riƙe kuɗinsa ya nufi likita.

Gwamnati kuwa ta ba masu binciken kuɗi da kayan aiki, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido a tashoshi. In aikin ya nuna, manomin zogale a Arewa zai sami kasuwa. Kafin nan, sauri ya haifi nawa. Allah ya kiyaye, amin.